Labarin Mawaƙa Miji da Mata: Zamanin Fada ko Zamanin Kaset?

Marubucin da ke son ƙirƙirar labari kan ma'aurata mawaƙa a Kano yana da zamani biyu da zai zaɓa.

Na farko, mulkin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953. Mijin makaɗin fada ne, abincinsa na hannun ubangidansa: riga, doki, damin hatsi. Matar zabiya ce, tana amada da ƙwarya a cikin gida ranar biki ko suna, inda namiji ba ya shiga. Fagensu daban, don haka kishin suna bai cika tasowa ba. Rikicin yana wajen kulle da dangi: uwar miji ta tsaya a tsakar gida tana cewa, "Malam, matarka ta sake fita da goyo?"

Na biyu, shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin kaset da fiyano. Nan su biyun situdiyo ɗaya suke shiga, kasuwar Ƙofar Wambai ce alƙali. Idan kaset ɗinta ya fi nasa tafiya, da wane ido zai kalle ta da dare? Ga Shari'a a 2000, ga Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ga al'adar nan ta mace ta yi aure ta ajiye waƙa.

Ni na biyun ya fi jan hankalina, don wutar a ɗaki ɗaya take ci. Sai dai waɗanda suka ga zamanin suna raye, kuskure kaɗan za su kama ka. Na fadar kuwa sai ka zauna da tsofaffin cikin birni kafin ka ɗauki alƙalami.