Sharhi Kan Garejin da Ya Gano Mini Gurnanin Mota

Kusan wata biyu motata, Toyota Corolla ƙirar 2007, ta yi tana wani gurnani daga gaba da zarar gudu ya haura kilomita 60, kuma na fi jin sa a hanyar Kano zuwa Zariya. Bakaniken farko bai ko tayar da motar ba ya ɗora laifin a kan tayoyi, na sayi sababbi guda biyu, amma ƙarar tana nan yadda take.

A gareji na biyu, wanda shi ne dalilin wannan sharhi, maigidan bai taɓa sufana ba sai da ya ce, "Alhaji, mu hau titi in ji da kunnena." Da ƙarar ta taso sai ya fitar da giya ya bar motar tana gangarawa, gurnanin bai sauya ba, wanda ya nuna masa cewa ba daga inji yake ba. Sannan ya riƙa karkata sitiyari a hankali: idan ya yi hagu ƙarar ta ƙaru, idan ya yi dama ta lafa. Ya bayyana mini cewa karkatawa hagu tana jefa nauyin mota a kan tayar dama, don haka boris ɗin wannan ɓangaren, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, yake zargi, kuma da shaf ne, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ya lalace, da ƙas-ƙas za a ji a lokacin shan kwana, ba gurnani ba.

Bai tsaya a kan zargi ba. Ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ba ta yi wasa ba, har na fara shakka. Sai ya sa yaronsa ya juya ta, ya ɗora hannuna a kan sifirin, na ji wani gurzawa kamar yashi ya shiga cikin ƙarfe, alhali ɓangaren hagu sumul yake. Wannan gwaji shi ya gamsar da ni in fitar da kuɗi.

Inda ya gaza shi ne kayan aiki. Boris ɗin gaba na irin wannan mota da injin matsi ake shigar da shi, garejin kuwa ba shi da shi, saboda haka aka kai aikin wani wuri, motar da aka ce in karɓa da la'asar ta kwana. Duk da haka na yaba da ƙin da ya yi na buga shi da guduma, domin duka yana lalata sabon boris tun kafin ya hau titi. Ya kuma hana ni sayen na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, na ƙara kuɗi na ɗauki sabo, sannan ya miƙa mini tsohon in ga yadda giris ɗinsa ya ƙone.

Makonni uku ke nan, na je Zariya sau biyu ban ji gurnanin ba.