Karatu da Ido ko Gwaji: Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aikin AI

Matasan da muke rubuta manhaja tare a Wuse, nan Abuja, sun sha tambayata: idan ka rubuta wa wakilin AI (manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta) bayanin kayan aiki (wata manhajar da wakilin zai kira don yin wani aiki), wato sunansa, aikinsa da abin da yake karɓa, ta yaya za ka san bayanin ya yi? Mutum ya karanta, ko a sa wakilin ya gwada?

Karatu ba ya cin ko sisi, minti goma ya isa. Illarsa, mai karatu yakan cike giɓi da abin da ya riga ya sani. Na taɓa rubuta "kwanan wata" kawai, abokin aikina ya duba ya ce lafiya lau. Da muka gwada, wakilin ya turo 03/04, manhajar ta ɗauka 4 ga Maris, alhali 3 ga Afrilu ake nufi. Abin ya dame ni ƙwarai, don mu biyu muka karanta.

Gwaji kuwa yana cin kuɗi da lokaci, sai ka tanadi tambayoyi. Amma suna nan ajiye. Duk ranar da ka sauya kalma, sai ka maimaita su.

Mai kayan aiki biyu ko uku, karatu ya wadatar masa. Wanda nasa suka yi kama da juna, ko suke taɓa kuɗin jama'a, gwaji ya fi dacewa da shi.