Jera manazarta: da hannu ko da Zotero?

Ɗalibai masu rubuta kundin digiri sun sha tambayata: su jera manazarta da hannu ne, ko su bar wa manhajar Zotero aikin?

Batun kuɗi dai babu bambanci. Zotero kyauta ce tun fitowarta a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, sai dai tana son kwamfuta, kuma sai ka zauna ka koye ta.

Mai yi da hannu shi ke sanin ƙa'ida ciki da waje. Ya san cewa bugu na 7 na salon jera manazarta na APA, wanda ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, kuma idan marubuta sun kai uku, sunan na farko kawai ake ambata a cikin rubutu, a bi shi da "et al.", wato "da sauransu". Wahalarsa tana zuwa ne ranar da mai duba aiki ya ce a koma wani salo na daban, kamar MLA. Kowane layi sai an sake shi, har waƙafi da aya. A Zotero kuwa, dannawa kaɗan ta wadatar.

Amma fa abin da ka ba ta shi take mayar maka. Ta kan ɗauko suna a juye daga intanet, ko taken littafi duk da manyan baƙaƙe. Tsofaffin kundayen da ke ajiye a laburaren sashe kuwa, dole ka shigar da bayanansu da kanka.

Mai jinga ko kundin digiri na farko, wanda manazartarsa ba ta wuce shafi biyu ba, ya yi da hannu. Mai digiri na biyu ko na uku, da mai aika maƙala zuwa mujallu daban-daban, Zotero ta fi dacewa da su.