Gargaɗi ga masu neman ɗan kwikwiyon gadi a Jos: ku duba baki kafin ku tura kuɗi

Salam jama'a. Akwai wata damfara da ta yi yawa a garin nan, musamman yanzu da kowa ke son ajiye karen gadi saboda ɓarayin waya da masu haura katanga. Wasu samari ne a Facebook da status ɗin WhatsApp suke ɗora hotunan 'yan kwikwiyo masu gashi luf-luf, wai German Shepherd ne ko Caucasian ko Boerboel, wai sati 8, wai an gama musu allura kaf, kuɗin kuma bai kai rabin na kasuwa ba. Kana yin magana za a ce maka saura biyu kacal kuma wani Alhaji daga Abuja ya riga ya yi maganar ɗaya, ka tura kafin alƙalami yanzu a riƙe maka.

Kala biyu ne. Na farko ba su da ko jelar kare, hoton ma a shafin wani mai kiwo a Afirka ta Kudu ko Turai suka kwashe, ka tura kuɗi sai a ce na mota, ka tura sai a ce na keji, daga nan sai wai direba ya tsaya a Akwanga an riƙe shi sai an biya takardar likita, ka gaji ka kira ka ji layi a kashe. Wannan kam maganinsa sauƙi ne, ka ce a yi bidiyo kol ka ga karen yana motsi mai shi yana kiran sunanka, za ka ga an fara kame-kame da maganar netwok.

Na biyun su ne suka fi ci min rai don su da gaske za su kawo maka kwikwiyon, a cikin kwali, a Terminus ko bakin tashar Bauchi Road, ba sa taɓa yarda ka je gidansu. Abin da ke cikin kwalin kuwa jariri ne ɗan sati 3 ko 4 da aka fizge daga nonon uwa, an yi masa wanka da shamfu an taje gashin ya tashi, shi ya sa yake kama da na hoto. Dalilinsu a fili yake, duk satin da ya ƙara a hannunsu kuɗin abinci ne da na allura, sannan in ya girma kamanninsa za su tona asiri a gane ruwa biyu ne da karen unguwa.

To ga yadda za ka kama su, kuma ba sai ka yi karatun likitan dabbobi ba. Kwikwiyo ana haifarsa ido a rufe kunne a toshe, idon yana buɗewa wajen kwana 10 zuwa 14, tafiya kuma sai wajen sati 3 yake fara ta yana tangaɗi. Haƙoran nono ma wajen sati 3 suke fara tsirowa, kafin ya kai sati 8 sun cika guda 28, ƙanana masu tsini, in ya kama maka yatsa sai ka ji a jikinka. Saboda haka ka ɗaga leɓensa ka duba. In ka ga dasashi ne da 'yan haƙora tsilli-tsilli, ka sauke shi ƙasa ka ga yana rangaji yana faɗuwa, ka ba shi abinci a kwano ya kasa ci sai laluben nono yake, wallahi wannan bai kai sati 8 ba ko da mai shi ya rantse da abin da zai kashe shi. Ɗan sati 8 na gaskiya gudu yake, yana haushi, yana jan bakin wandonka.

Wani zai ce to meye a ciki, ai sai in ba shi madara. Nan ne ake asara. Madarar shanu da ta gwangwani zawo take sa su, kuma ɗan ƙaramin nan bai iya riƙe ɗumin jikinsa sosai ba, jikin uwa da 'yan uwansa ne bargonsa, ka kawo shi Jos cikin sanyin Disamba ka ajiye a baranda, kafin asuba ya sandare. Ko ya rayu ma akwai tarbiyyar da a wurin uwa kawai ake samunta a makonnin nan, nan yake koyon iyakar cizo, in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi aka yi ƙara aka bar wasa da shi sai ya gane. Wanda aka raba da wuri sau da yawa shi ne yake tashi matsoraci ko mai cizon yaran gida, kai da ka saya don ɓarawo.

Sai katin allura, wanda shi ne babbar ƙaryar. Allurar farko mai haɗe da rigakafin fabo da distemfa, wato wasu cututtuka biyu masu yaɗuwa da ke kashe 'yan kwikwiyo, ana yin ta ne a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3. To ta yaya ɗan sati 8 zai zama an gama masa allura? Duk katin da ya nuna haka a shagon fotokwafi aka haife shi. Kati na gaske za ka ga sitikar kwalbar maganin manne, da kwanan wata, da sa hannu da hatimin likita, kuma ka karɓi lambar likitan ka kira shi a gaban mai sayarwan. Maganin tsutsa ma tun sati 2 ake farawa, in ka ga ciki ya yi tulu gashi ya yi yamutsai dasashi fari fat, ba ƙoshi ba ne, tsutsa ce.

Fabo ɗin nan kuwa ba wasa ba ce. Tana iya yin kwana 3 zuwa 7 a jiki ba alama, shi ya sa ranar da aka miƙo maka shi garau yake, sai bayan 'yan kwanaki ya ƙi abinci, amai, zawo da jini mai wari da ba ka mantawa. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai ƙarin ruwa da allurai a asibiti, kuɗin ya ninka abin da ka yi murnar ragewa, kuma Rottweiler da German Shepherd suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Mafi muni ƙwayar tana zama a ƙasar tsakar gida wata da watanni, ka sayo wani ka kawo shi ma ya ɗauka, sai an wanke wurin da bilic sosai. Ka koma wurin mai sayarwa ya ce ai kai ka ba shi abin da ya kashe shi, in ma ya ɗauki wayar ke nan.

Mu da muke da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom nan kusa da Bukuru, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos, ga likitoci masu zaman kansu ko'ina, babu dalilin da zai sa mutum ya karɓi kare a kwali a bakin titi. Ka ce za ka je gida ka ga uwar da idonka tana tare da 'ya'yan, ka ga inda suke kwana, sannan ku wuce wurin likitan da kai ka zaɓa ya duba shekaru da lafiya kafin ka cika kuɗi. In ya ce uwar tana gona, ko maigida ba ya son baƙi, ko karyar tana da faɗa ba a zuwa kusa, ka ce masa na gode ka kama gabanka.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, kar ka goge hirar, ka ajiye hoton rasit da lambar asusun, ka kai ƙorafi bankinka da ofishin 'yan sanda mafi kusa da wuri. Ku tura wa guruf ɗin unguwa don Allah.