Taitaniyam ko alminiyam: abin dubawa a jikin waya kafin a biya kuɗi

Mai talla zai ce wayar taitaniyam ta fi sauƙin nauyi, amma ba zai faɗi wadda ta fi ba. Gaskiyar magana, taitaniyam ya fi alminiyam nauyi, kuma ba kaɗan ba. A yanko gutsure mai santimita ɗaya ta kowane gefe: na alminiyam zai auna giram 2.7, na taitaniyam kusan 4.5, na ƙarfen da ba ya tsatsa kusan 8. Da Apple ya fitar da iPhone 15 Pro a watan Satumbar 2023, ƙarfe mara tsatsa ya bari ya koma taitaniyam, shi ya sa nauyin ya sauko daga giram 206 na iPhone 14 Pro zuwa 187. Samsung kuwa daga alminiyam ya taso zuwa taitaniyam, don haka Galaxy S24 Ultra ta 2024 kusan nauyinta ɗaya da S23 Ultra, tazarar ba ta wuce giram ɗaya ko biyu ba.

Taitaniyam ɗin ma ba dukan jikin wayar ba ne. Siririn zobe ne da ya kewaye gefuna. A iPhone 15 Pro, an manna zoben ne a kan firam na alminiyam da ke ciki, wanda shi ke riƙe da batir da allon kayan lantarki. Gaba gilashi ne, baya ma gilashi, domin cajin da ba ya buƙatar igiya ba ya ratsa ƙarfe. Idan waya ta faɗi a kan siminti, gilashi ne ke fara fashewa, kuma zoben ba shi da abin da zai yi a kai.

Ta fuskar ƙarfi, a nan taitaniyam ke da abin alfahari, sai dai shi ma aji-aji ne. Aji na 5, wanda Apple ya yi amfani da shi, gauraye ne: kashi 6 cikin ɗari alminiyam, kashi 4 wani ƙarfe mai suna banadiyam, saura taitaniyam. Yana jure jan da ya kai megafaskal 900 (ma'aunin ƙarfin ja) kafin ya tsinke. Aji na 2, wanda kusan zallarsa ne, iyakarsa wajen 345, ƙasa da alminiyam mai lamba 7075 da ke kaiwa 570. Ka ga ke nan alminiyam mai kyau na iya fin taitaniyam mai araha juriya. Kamfanoni sun koyi darasin muhimmancin ajin ƙarfe tun 2014, lokacin da iPhone 6 Plus ta riƙa lanƙwashewa a aljihu. Shekarar da ta biyo aka sauya zuwa alminiyam na jerin 7000, aka kuma ƙara kaurin wuraren da ke da rauni.

Inda taitaniyam ya yi zarra shi ne inda wuri ya yi ƙaranci. In kaurinsu ɗaya, ya fi alminiyam ƙin lanƙwasa da kusan rabi da ɗoriya. Wannan ne dalilin da ya sa siraran wayoyin 2025 suka riƙe shi: iPhone Air mai kaurin milimita 5.6 da Galaxy S25 Edge mai 5.8. A irin wannan siranta babu filin da za a ƙara wa alminiyam kauri, don haka kuɗin da aka biya ya sayi wani abu na gaske.

Zafi shi ne babban batun, kuma shi ne wanda talla ba ta cika taɓawa ba. Ƙwaƙwalwar waya na fitar da zafi duk lokacin da ake ɗaukar bidiyo mai tsawo, ko wasan gem, ko cajin gaggawa. Akasarin wayoyi ba su da fanka, jikinsu ne kaɗai hanyar fitar zafin. Alminiyam ɗin da ake ƙera waya da shi na watsa zafi da ma'aunin da ke tsakanin 130 zuwa 170, taitaniyam aji na 5 kuwa bai kai 7 ba. Idan zafi ya taru wuri ɗaya, wayar da kanta za ta rage saurin ƙwaƙwalwa, ta dusashe hasken fuska, wani lokaci ta dakatar da caji. Batir kuma yakan tsufa da wuri in yana yawan zama cikin zafi. Apple da kansa ya mayar da iPhone 17 Pro zuwa alminiyam a Satumbar 2025, ya haɗa da ɗan faranti mai ruwa a ciki wanda ke zama tururi ya kwashe zafi, ya kuma bayyana watsa zafi a matsayin dalili. Shekara biyu kacal bayan ya tallata taitaniyam.

A lura da abu ɗaya a nan: wayar alminiyam ta fi saurin ɗumi a tafin hannu. Wannan ba lahani ba ne, alama ce zafin na fita maimakon ya kwana a ciki.

Karce da lotsawa kuma kowa da nasa raunin. Alminiyam ya fi laushi, idan kusurwa ta bugi ƙasa sai ta lotse. Launinsa wata siririyar fata ce da ake samarwa da lantarki, tana da tauri amma tana ɓantarewa a gefuna masu kaifi, kamar kewayen tudun kyamara, sai farin ƙarfen ya leƙo. Taitaniyam ba ya saurin lotsawa, amma launinsa shafi ne a sama. Makulli ko ƙwayar yashi a aljihu na iya ƙarzar shi. A baƙi da shuɗi tabon ya fi fitowa, a launin ƙarfen na asali da kyar ake gani. Maiƙon hannu ma kan sauya masa launi na ɗan lokaci, kyalle mai laushi da ɗan damshi ke gyarawa.

Tsadar taitaniyam ba ta rashin samuwa ba ce, domin yana da yawa a ƙasa. Wahalar tana wajen tacewa da sassaƙawa. Sai zafi ya kai digiri 1,668 yake narkewa, alminiyam kuwa 660. Da yake taitaniyam ba ya watsa zafi sosai, zafin yanka na taruwa a bakin kayan aiki ya cinye shi da wuri, dole a rage saurin injin. Mai saye ne ke biyan duk wannan.

A kiyayi sunan launi. Akwai wayoyi da yawa da aka raɗa wa launinsu sunan taitaniyam alhali firam ɗin alminiyam ne ko ma roba. Ka buɗe shafin bayanan wayar na kamfanin, ka nemi layin da ya yi maganar firam, ba na launi ba. In an rubuta taitaniyam, ka duba ko an faɗi ajinsa. Maganadisu ba zai taimaka ba, domin duka biyun ba ya kama su.

Wanda zai sa wa wayarsa riga tun ranar farko, kamar yadda akasarin mutane ke yi, bai kamata ya ƙara ko sisi saboda taitaniyam ba: rigar ce za ta sha bugun, kuma ba zai ma taɓa ƙarfen ba. Mai yawan gem, ko ɗaukar bidiyo, ko aiki cikin rana, ya nemi alminiyam mai farantin tururi, ya kuma guji riga mai kauri da za ta toshe zafin. Taitaniyam na wanda ke son siririyar waya ne ko mai riƙe ta babu riga, shi ma gara ya zaɓi aji na 5 da launin ƙarfen na asali.