Sharhi: Sabuwar Rauta da Antibairos Ɗin da Ake Zargi da Shaƙe Intanet

Abubuwa biyu zan yi wa sharhi a nan: sabuwar rauta (na'urar da ke raba intanet a cikin gida) mai Wi-Fi 6 da na saya, da kunshin antibairos da nake biyan kuɗinsa duk shekara, wanda abokai suka dame ni da cewa shi ne ke shaƙe min intanet. Rautar ta ci kuɗinta, ko da yake ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Shi kuwa antibairos, laifin da aka fi ɗora masa bai aikata ba, amma na kama shi da wani laifin daban.

Layin da nake biya na megabit 100 ne a daƙiƙa. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, domin kamfanonin intanet da megabit suke sayarwa, burauza kuwa da megabait take nuna saurin saukar fayil. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, saboda haka layin megabit 100 iyakarsa megabait 12.5 a daƙiƙa, kuma a zahiri ba ya cika kaiwa. Wanda ya ga 11 a burauzarsa ba a cuce shi ba.

Kafin in taɓa komai, na jona kwamfuta da akwatin kamfanin intanet, wato tsohuwar rautata, ta kebul, na kashe Wi-Fi, na auna da Speedtest na Ookla da Fast.com na Netflix. Sakamakon ya zo dab da abin da nake biya, da rana da daddare. Wannan gwajin ya wanke kamfanin, ya mayar da ƙarar cikin gida. Duk wanda bai yi shi ba ya je ya sayi rauta, caca ya yi, don idan daga waje matsalar take, ko rautar zinare ba za ta ƙara masa komai ba.

Tsohon akwatin yana ƙasa ne a lungun falo, bayan talabijin, kuma a zangon 2.4 GHz kawai yake aiki. Wannan zangon yana ratsa bango, yana kaiwa nesa, amma cunkushe yake. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a kansu duk rautocin makwabta ke kokawa. Bluetooth ma a nan yake, haka na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, wadda ke aiki a wajen 2.45 GHz. Da na ɗaga akwatin daga ƙasa na kai shi tsakiyar gida, kan wani kanta mai tsayi, tun kafin sabuwar rautar ta iso ɗakuna biyu suka farfaɗo. Ko sisi ban kashe a wannan ba.

Abin da rautar ta ƙaro shi ne zangon 5 GHz, mai tashoshi da yawa da faɗin hanya. A falo da ɗakin da ke kusa, waya da laftof suna samun kusan abin da kebul ke bayarwa. Da an ƙetare bango biyu na kankare kuwa sai ƙarfin ya zube, halin zangon ke nan. Wi-Fi 6 kuma, wanda aka fara ba na'urori shaidarsa a 2019, fa'idarsa ta fi fitowa a gida mai na'urori da yawa, domin rautar na iya raba tasha ɗaya ta yi wa na'urori da dama hidima a lokaci guda. Sai dai fa na'urar da ta san Wi-Fi 6 ce ke morarsa. Tsohuwar waya tana nan da saurinta na da.

Ina da ƙorafi biyu a kanta. Manhajar saita ta sai da ta tilasta min buɗe asusu da imel kafin ta bar ni in canza kalmar sirri, abin da ban ga dalilinsa ba a kan na'urar da ke cikin falona. Na biyu, ta haɗe zangunan biyu a suna ɗaya, wai ita za ta zaɓar wa kowace na'ura wanda ya dace. Talabijin ya nace wa 2.4 GHz alhali ga rautar a gabansa. Sai da na raba sunayen aka zauna lafiya. Daga baya ma kebul na ja masa, na huta.

Kebul ɗin ma yana da nasa sirrin. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya, wato megabit 1000, har tsawon mita 100, amma sai dukkan wayoyi takwas da ke cikinsa suna da lafiya. Idan wasu suka tsinke, haɗin na iya komawa megabit 100 shiru, ba tare da wani gargaɗi ba. Akwai kuma rautoci masu araha da kafofinsu na kebul megabit 100 ne iyakarsu, ko da an rubuta manyan lambobi a jikin kwali. Mai biyan layin da ya wuce haka ya duba wannan kafin ya miƙa kuɗi.

Abin da ya fi burge ni a rautar ba ya cikin abubuwan da aka yi tallarta da su. A da, ana cikin kiran bidiyo sai murya ta fara yankewa, alhali gwaji na nuna sauri lafiya lau. Dalilin shi ne wata waya a gidan ta fara ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, ta cika hanyar fita, wadda a yawancin layukan gida ta fi ta shigowa ƙanƙanta. Bayanai sai su taru a rumbun na'ura suna jiran layi, kamar ƙofa ɗaya da mai miƙa takarda zai tsaya bayan masu ɗauke da buhuna. Wani injiniya mai suna Jim Gettys ne ya fito da wannan matsala fili a wajen 2010. Maganinta wani saiti ne da ake kira SQM, mai tsara layin yadda ƙananan saƙonni irin na murya ba za su maƙale ba. Na kunna shi, na sa masa iyaka ƙasa kaɗan da cikakken saurin layina. Lambar gwaji ta ɗan ragu, kira kuwa ya daina yankewa. Na yarda da wannan cinikin.

To, ga antibairos. Akwai tambayar da ke warware rabin gardamar nan take: idan kwamfuta na jan ƙafa, wayar da ba ta da antibairos fa, ita ma tana ja? Idan tana ja, a sake shi ya tafi. Manhajar da ke kan kwamfuta ɗaya ba ta da hannu a abin da talabijin ko waya ke samu, in ban da ɗan lokacin da take sauke sabuntawarta.

A kan kwamfutar kanta na bi sassansa ɗaya bayan ɗaya, ina kashewa ina aunawa ina mayarwa. Sashen da ke binciken fayiloli bai taɓa lambar gwaji ba ko kaɗan. Aikinsa a kan faifan ajiya da furosesa yake. Idan ya shiga cikakken bincike a tsohuwar laftof ɗina mai faifai mai juyawa, komai sai ya yi nauyi har da burauza, mutum ya rantse intanet ce ta mutu, alhali injin ne ke nishi. Na mayar da binciken lokacin da ba na aiki, shi ke nan.

Sashen gadin shafuka ya fi ban sha'awa. Yawancin shafuka yanzu ta HTTPS suke zuwa, a kulle tsakanin burauza da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Don antibairos ya leƙa ciki, sai ya dasa tasa takardar shaida a kwamfutar, ya tsaya a tsakiya: ya buɗe saƙon, ya duba, ya sake kullewa, ya miƙa wa burauza. A sabuwar kwamfuta ban ji bambanci ba. A tsohuwar kuwa akwai ɗan jinkiri kafin shafi ya fara buɗewa, musamman shafuka masu tarkacen talla. Wasu manhajojin ma kan toshe HTTP/3, sabuwar ƙa'idar ɗauko shafuka da aka tabbatar a 2022, don burauza ta koma tsohuwar hanyar da suke iya bincika. Na kashe wannan sashen, kuma ba don sauri kaɗai ba. A 2017 masu bincike daga Jami'ar Michigan da Google da Mozilla da Cloudflare da wasu sun wallafa nazari da ya nuna akasarin manhajojin antibairos da suka gwada suna raunana tsaron haɗin da suke shiga tsakiyarsa. Nazarin ya kwana biyu, amma har yanzu ban ga abin da zai sa in bar wani ya riƙa buɗe saƙona da banki ba, ga shi manyan burauzoji suna da nasu gargaɗin shafukan damfara.

Ainihin ɓarawon kuwa VPN ne, manhajar ɓoye zirga-zirgar intanet, da aka cusa cikin kunshin. Bayan wata sabuntawa ya riƙa kunna kansa da zarar kwamfuta ta tashi, yana bi da duk zirga-zirgata ta wata saba a ƙasa mai nisa. Da shi a kunne, saurin saukewa ya faɗi sosai, lokacin amsawa, wato ping, ya ninka. Da na kashe shi komai ya dawo daidai. VPN na da ranarsa a Wi-Fi ɗin otal ko filin jirgi. A layin gidana ban ga abin da yake tsare min ba da ya kai wannan asarar. Abin da ya ɓata min rai shi ne maɓallin hana shi tashi da kansa an binne shi can cikin saituna, alhali tallan "ƙara saurin intanet da dannawa ɗaya" kullum yana tsalle a kusurwar allo, yana neman ƙarin kuɗi. Babu manhajar da za ta ɗaga layi sama da iyakar da kamfani ya sa masa.

Kafin a zargi antibairos, yana da kyau a buɗe Task Manager a Windows a duba wa ke jan intanet. Sau da yawa sabuntawar Windows ce, ko manhajar wasanni, ko ma'ajiyar hotuna. Windows ma na da tsarin Delivery Optimization da ke iya tura guntayen sabuntawa zuwa wasu kwamfutoci, ana kuma iya kashe shi. Canza DNS, mai nemo adireshin shafuka, zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare ko 8.8.8.8 na Google, da ake yawan ba da shawara, na gwada. Zai iya rage ɗan lokacin neman adireshin shafi, amma bai ƙara ko megabit ɗaya a saukar fayil ba, don ba aikinsa ba ne.

Ba zan sabunta kunshin a kwamfutata ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a ciki, yana janyewa gefe idan an sa wani antibairos, ya dawo bakin aiki idan an cire. Ya wadatar da ni. Wanda ke son kwatanta nauyin manhajoji kafin ya zaɓa, AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Austriya suna wallafa gwaje-gwajen kariya da na nauyi a kai a kai. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne zama ba kariya don neman sauri, ko tara antibairos biyu suna gadi lokaci guda, su yi ta karo a kan fayil ɗaya. A kwamfutar yara dai zan bar kunshin, saboda sashensa na kayyade shafuka da lokacin amfani yana aiki da kyau, VPN a kashe.

Rautar ta dace da gida mai na'urori da yawa da layin da ya kai megabit 100 ko fiye. Wanda layinsa ƙarami ne kuma ɗaki ɗaya ko biyu yake, ya fara da canza wa akwatinsa wuri. Kallon fim ma ba ya cin abin da ake zato, Netflix megabit 15 take nema don hoto mai ingancin 4K. Saura ɗaki na ƙarshe a gidana, inda siginar ke isa da kyar. Ba zan sayi ƙaramar na'urar ƙara nisan sigina ba, domin mai rediyo ɗaya da shi take karɓa da shi take turawa, saurin ya ragu kusan rabi. Kebul zan ja zuwa can, in jona tsohuwar rauta ta zama wurin raba Wi-Fi na biyu.