Wace dikoda za ka saya kafin Kirsimeti a Garwa, arewacin Kamaru?

Da Disamba ta kama, aikina na ɗaura farantin tauraron ɗan adam yakan ninka. Yara sun samu hutu, 'yan uwa sun taso daga Marwa da Ngaundare, kowane mai gida yana son falonsa ya ɗauki baƙi. Tambayar da nake sha ita ce: "Malam, wacce zan saya?" Ni kuma sai in ce, wa zai zauna gaban talabijin ɗin?

Idan gidan na masu jin Faransanci ne, kuma akwai samari masu ƙwallo, Canal+ ce ta fi dacewa. Wasannin Firimiya na Ingila ba sa tsayawa a makon Kirsimeti, ga Novelas TV da Nollywood TV don iyaye mata, ga tashoshin yara da ke cika da fina-finan Kirsimeti a wannan lokaci. Amma a kula da kyau: ƙaramin tsarin da ake kira Access ba ya ɗauke da manyan wasanni duka. Na sha ganin uba ya biya kuɗin wata, ranar wasa allo ya rufe, yara suka fice gidan kallo. Ka sa mai sayarwa ya nuna maka jerin tashoshin kafin ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo.

Gidan da Hausa ce abin so, musamman inda akwai tsofaffi, ni na fi karkata ga StarTimes. Kuɗin watanta ya fi sauƙi, akwai fina-finan Kano, har da na Indiya da aka juya zuwa Hausa. Rauninta ƙwallo.

Akwai kuma dikodar kyauta, wadda sau ɗaya za ka biya. Ina girmama ta, domin ba ta bin mutum bashi a watan Janairu, lokacin da aljihu ya bushe. Za ka samu CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, za ka ji jawabin shugaban ƙasa na daren 31 ga Disamba, da tashoshin wa'azi masu yawa. 'Yan uwanmu Katolika da ke son ganin albarkar Fafaroma daga Roma ranar 25, da ƙarfe 12 na rana ake yi, kuma a watan Disamba agogon Roma da namu ɗaya ne. Sai dai ku tabbatar mai ɗaurawa ya kamo tashar a gabanku.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Arewacinmu ya dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, kuma da rani ya shiga ruwa yana ja baya. Bara ina gidan wani maƙwabcina, an dafa shinkafa da kaza, yara sun jeru a tabarma, sai ɗif. Har aka watse ba ta dawo ba. Saboda haka in kuɗinka bai kai dikoda mai tsada da sola duka biyu ba, ɗauki dikoda mai araha, ragowar ka sa a batir da faifan sola. Talabijin inci 32 ba ta cin wuta sosai, batir madaidaici zai kai ku ƙarshen fim. A riƙa goge faifan kowace safiya, don ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi.

Kuma a kira mai ɗaurawa tun kafin 20 ga wata. Daga nan layi ne.